Tsakuwa a saman bututun ƙoda: wane aiki ya dace da mutumin Garwa da Marwa?

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Garwa da Marwa da Kusiri da Injamena, akwai wani irin majinyaci da ma'aikatan asibiti ke ganewa tun daga bakin ƙofa. Ya kasa kwanciya, ya kasa zama. Ya dafe kwiɓi, ya durƙusa, ya miƙe, ya yi birgima a kan tabarma, gumi na zuba, amai na tasowa. Wanda wani abu ya fashe masa a ciki lamo yake yi, don ko ɗan motsi azaba ne. Shi kuwa wannan juyi yake ta yi yana neman inda zai ji sauƙi, bai samu ba. Sau da yawa tsakuwa ce ta baro ƙoda ta maƙale a bututun da ke kai fitsari mafitsara. Idan allura ta kwantar da ciwon, sai a shiga magana mai wuya: a jira ta fita da kanta ko a yi aiki? In aiki ne, wane iri, kuma a wane gari?

Bututun nan tsawonsa santimita 25 zuwa 30 ne a jikin baligi, faɗin cikinsa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, kuma ya tsuke a wuri uku: inda ya fito daga ƙoda, inda ya gitta manyan jijiyoyin jini a ƙugu, da inda ya shiga mafitsara. Likitoci sun kasa shi uku, kuma kason sama, daga bakin ƙoda zuwa saitin ƙashin ƙugu, shi ne mai rikici. Tsakuwar da ta gangaro ƙasa ta riga ta ci yawancin tafiyarta, kuma tana kusa da hannun likita in ya biyo ta hanyar fitsari. Ta sama kuwa tana da nisa daga ƙasa, ga ƙoda a gindinta, ana taɓa ta sai ta zille ta koma inda ta fito. Shi ya sa hanyoyin cire ta suka yi yawa, har likitoci biyu ƙwararru kan duba hoto ɗaya kowa ya ba da shawararsa daban, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu.

Abu na farko da ke yanke hukunci shi ne girmanta. Mai milimita 5 ta kai ƙwayar dawa babba, mai milimita 10 ta kai ƙwayar gyaɗa. Ƙungiyoyin likitocin fitsari na Amurka da na Turai sun haɗa sakamakon bincike masu yawa a 2007, suka ga kashi 68 cikin 100 na tsakuwar da ba ta wuce milimita 5 ba na fita da kanta, amma tsakanin milimita 5 da 10 kashi 47 ne kawai. Wadda ta haura 10 ba a cika sa ran fitarta ba, musamman in a sama take. Matsalarmu ita ce sanin girman da gaske. Ekografi, wato hoton ciki irin wanda ake yi wa masu juna biyu, wanda shi ne a hannun yawancin asibitocinmu, yana nuna kumburin ƙoda sarai, amma yakan kasa ganin tsakuwar da ta ɓuya bayan iskar hanji, in ya gan ta ma yakan ƙara mata girma. Hoton radiyo na ganin masu sinadarin kalsiyam, waɗanda su ne mafi yawa, amma tsakuwar yurik asid ba ta fitowa a cikinsa sam. Sikana, wato hoton CT, ba tare da an yi allurar rini ba, ita ce ke faɗin gaskiya: wurin tsakuwar, girmanta, taurinta, da nisanta daga fata. Mutane na ƙyashin kuɗin sikana, kuma ba su da laifi, sai dai duk wani zaɓi da za a yi nan gaba a kan wannan hoton yake tsayawa.

Idan ƙarama ce, babu zazzaɓi, gwajin jini ya nuna ƙoda na aiki, ciwon kuma na jin magani, ana iya jira. Ana ba da maganin ciwo dikulofenak ko danginsa, wani lokaci da tamsulosin mai sassauta bututun, ko da yake amfanin tamsulosin ya fi bayyana a tsakuwar ƙasa. Jiran yana da iyaka: mako 4 zuwa 6. A nan ne mutanenmu suka fi yin asara, don ɗaukewar ciwo ba shi ne fitar tsakuwa ba. Ƙodar da aka toshe takan rage yin fitsari bayan wasu kwanaki, matsin da ke jawo ciwon ya sauka, mutum ya koma kasuwa yana cewa jiƙon da aka ba shi ya narkar da ita. Alhali tana nan daram, ƙodar na ta kumbura, namanta na sirancewa, ɗayar ta ɗauki aikin biyu ba wanda ya sani. Bayan shekara ko biyu a yi hoto don wani dalili, a tarar da jakar ruwa a inda ƙoda take. Wanda bai ga tsakuwarsa da idonsa ba, sai ya koma a sake hoto, ko da garau yake ji.

Akwai kuma halin da ba a jira ko na yini ɗaya. Tsakuwa ta toshe, fitsarin da ya taru a bayanta ya kamu da ƙwayoyin cuta, ga zazzaɓi da rawar ɗari. A ƙasarmu duk zazzaɓi na cizon sauro ne sai an tabbatar da akasin haka, don haka sai a aika yaro wurin mai tebur ya sayo maganin maleriya, a ɓata kwana biyu ko uku, mugunya kuwa na shiga jini. Ciwon kwiɓi haɗe da zazzaɓi maganar asibiti ce a daren. Kuma abin da likita zai yi a lokacin ba cire tsakuwar ba ne. Zai buɗe wa fitsarin hanya ne kawai, ko ta zura siririyar roba daga mafitsara ta wuce gefen tsakuwar, ko ta huda baya ya sa roba kai tsaye cikin ƙodar, sannan a yi ta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Tsakuwar sai bayan jiki ya yi sanyi. Dangi kan ji haushi, su ce an karɓi kuɗin aiki an bar tsakuwa a ciki, amma fasa tsakuwa a cikin mugunya kan yi ajalin mutum. Haka nan mai ƙoda ɗaya, ko wanda duka biyun suka toshe fitsari ya ɗauke: gaggawa ce.

To, an kai ga cirewa. Hanyar da kowa ke tambaya ita ce ta injin da ke fasa tsakuwa daga waje, ba yanka ba huji. Kamfanin Dornier na Jamus, mai ƙera jiragen sama a lokacin, shi ya ƙirƙiro shi, kuma Christian Chaussy da abokan aikinsa ne suka fara gwada shi a jikin mutum a birnin Munik ran 7 ga Fabrairu 1980. Mutum na kwance, a saita tsakuwar da hoto, injin ya riƙa aiko bugu mai ratsa nama ya tattaru a kanta, sau dubu biyu zuwa huɗu a zama guda, har ta farfashe ta fita da fitsari a hankali. Yawanci ba a bukatar allurar barci, kuma a ranar ake komawa gida. A wancan lissafi na 2007, a kason sama, ya raba kashi 90 cikin 100 na majinyata da tsakuwar da ba ta kai milimita 10 ba. Da ta haura 10 sai adadin ya faɗo zuwa 68.

Abin da ba a cika gaya wa mutane ba shi ne injin fasawa yake yi, fitarwa aikin jikinka ne. Ɓaraguzan na iya ɗaukar makonni suna sauka, da ciwo, wani lokaci su yi jerin gwano su sake toshe bututun daga ƙasa. Tsakuwa mai tauri, wadda sikana ta auna ta haura 1000 a ma'aunin Hounsfield, takan ƙi fashewa. Mai ƙiba, wanda tsakuwarsa ta yi wa fata nisan da ya wuce santimita 10, bugun kan raunana kafin ya isa. Wadda ta daɗe a wuri ɗaya har nama ya kumbura ya rungume ta, ko ta tsage ba ta da wurin watsewa. Ba a yi wa mai juna biyu, ba a yi wa mai shan maganin tsinka jini ko wanda jininsa ba ya daskarewa. Kuma sau da yawa zama ɗaya ba ya isa, sai an koma na biyu, har na uku. Ga mazaunin Yawunde ko Duwala wannan kuɗin tasi ne. Ga mutumin Mokolo ko Yagwa, kowane zama na nufin mota zuwa Ngaundare, kwana a jirgin ƙasa, masauki, abinci, da ɗan rakiya da shi ma ya rufe shagonsa.

Hanya ta biyu ita ce a bi ta inda fitsari ke fitowa. Ana yi wa mutum allurar barci ko ta kashin baya, a zura siririn bututu mai kyamara a kai ya shiga mafitsara, ya hau bututun ƙodar har ya yi ido biyu da tsakuwar. Likitan Sipaniya Enrique Pérez-Castro ne ya fito da na ƙarfe mai tsawon da zai kai can sama a 1980, daga baya mai lanƙwasa da ke iya shiga har lungunan ƙoda ya yaɗu, sannan lezar holmiyam, wato wani haske mai ƙarfi da ke fasa tsakuwa, ta zo a shekarun 1990, wadda babu irin tsakuwar da ke gagarar ta. A nan likita na ganin abin da yake yi, ya niƙe ta ta zama gari ko ya farfasa ya kwashe da ɗan kwando. A lissafin 2007 nasararta a kason sama wajen kashi 80 ce, ƙarama ko babba, kuma kayan aikin sun inganta ƙwarai tun daga lokacin. Shi ya sa ƙa'idar likitocin Turai ta yanzu ke cewa in tsakuwar sama ba ta kai milimita 10 ba, ko injin waje ko kyamara duk daidai ne, in ta haura kuwa kyamara ce a gaba.

Amma a lura, "aikin kyamara" suna ɗaya ne da ya rufe abubuwa biyu masu nisa da juna. Wani asibitin na da kyamara mai lanƙwasa da leza. Wani kuwa na ƙarfe kawai gare shi, da sandar da ke dukan tsakuwa da ƙarfin iska. Wannan sandar tana da arha, tana da ƙarko, kuma a tsakuwar ƙasa ba ta da laifi. A sama ne take ba da kunya: duka ɗaya, ruwan da ake turawa ya taimaka, tsakuwa ta tsere cikin ƙoda, na ƙarfen kuma ba ya iya bin ta. Mutum ya farka an sa masa roba, ciwo ya tafi, tsakuwa na nan tana jiran ranar saukowa. Ban ga aibu ba mutum ya tambaya tun kafin ya biya: "Likita, Allah ya taimake ka, in ta gudu ta koma ƙoda, kuna da abin bin ta, ko sai an sake wani aikin?" Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Wanda ya ce "Alhaji, gaskiya ba mu da shi, amma ga yadda za mu yi in hakan ta faru," ya fi mini wanda ya ce komai mai sauƙi ne.

Akwai wani abu namu na nan yankin da littattafan Turai ba su damu da shi ba, wato tsargiya. Wanda ya tashi yana wanka a Binuwai ko Logon, ko a tafkin Lagdo, ko ya yi noman shinkafa a Maga da Yagwa, wataƙila ya yi fitsarin jini yana yaro aka ce ai alamar girma ce. Ƙwan tsutsar kan zauna a bangon mafitsara da ƙasan bututun ƙoda, ya bar tabo mai tauri da ke tsuke hanya. Bayan shekara 20 ko 30, ga tsakuwa a sama, ga ƙofar ƙasa a tsuke. In an fasa ta daga waje ɓaraguzan ba su da hanyar wucewa, in an zo da kyamara ta ƙi shiga. Irin wannan sai an sa roba ta kwana mako ɗaya ko biyu ta sassauta bututun kafin a koma, ko a biyo ta sama gaba ɗaya. Don haka tarihin fitsarin jini na ƙuruciya abin faɗa wa likita ne, ko bai tambaya ba.

Biyowa ta sama ita ce hanya ta uku. Fernström da Johansson suka fara ta a Suwidin a 1976. Ana huda baya a shiga cikin ƙodar, a faɗaɗa hujin ya kai kamar santimita 1, a sauko wa tsakuwar daga bisa, inda ba ta da wurin gudu. Ta dace da babbar tsakuwa, milimita 15 zuwa sama, wadda ta kafe kusa da bakin ƙoda, musamman in akwai wasu a cikin ƙodar da za a kwashe a tafi ɗaya. Tana share wuri fiye da biyun farko, amma ƙoda gaɓa ce mai jini, zubar jini na iya kai wa ga ƙarin jini, kuma tana son hannun da ya saba.

Sai yanka. Ana iya yin sa da ƙananan huji uku ko huɗu da kyamarar ciki, ko kuma a buɗe kwiɓi yadda aka saba tun da, a tsaga bututun a zaro tsakuwar ɗungurungum, a ɗinke. A Turai buɗe kwiɓi saboda tsakuwa ya kusa zama tarihi, kuma mutanenmu da suka ji labarin leza a Facebook sun fara ɗaukar sa a matsayin ci baya, har wani ya ƙi aikin da ake iya yi masa a garinsu ya tafi gida tara kuɗin tafiya Kudancin Kamaru ko Kano ko Masar. A nan ne nake da ja. Yanka na da nauyinsa: kwanaki a gadon asibiti, makonni kafin manomi ko ɗan dako ya koma aiki, tabo, haɗarin miki ya yi ruwa ko fitsari ya riƙa tsattsafowa ta wurin ɗinki na ɗan lokaci. Amma yana da abin da sauran ba su cika ba da tabbacinsa ba: tsakuwa babba, kafaffiya, ta fita duka a zama ɗaya, a miƙa wa mai ita a cikin kwalba. Ba ya bukatar zaren leza da ake odarsa daga waje, ba ya tsayawa don injin ya lalace ana jiran mai gyara daga Duwala. Mutumin da ƙodarsa ke toshe yau, in ya ce sai ya sayar da auduga ko albasa bayan wata biyar sannan ya je a yi masa da leza, yana iya isa can a ce masa babu sauran ƙodar da za a ceta, cire ta za a yi, kuma da yankan da ya guda. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ba ina cewa a rungumi yanka don an saba da shi ba. Wanda tsakuwarsa milimita 8 ce, ba ta da tauri, yana da hali da ɗan'uwa a birnin da injin yake, ya je a fasa masa daga waje, babu dalilin tsaga masa kwiɓi. Mai milimita 12 da zai iya kaiwa inda ake da kyamara mai lanƙwasa da leza cikin mako biyu ko uku, wannan ita ce hanyarsa. Mai juna biyu, roba ko kyamara ce tata in jira ya gagara. Mai ƙiba sosai da mai shan maganin tsinka jini, kyamara ta fi musu aminci. Kuma akwai tsaka-tsaki da ya kamata a fi amfani da shi a Arewa: a sa robar a asibitin kusa don ƙoda ta samu ta huce, sannan a shirya tafiyar cikin natsuwa. Abin da nake ƙi shi ne a kwatanta hanyoyin nan da kuɗin da aka rubuta a takardar asibiti kawai. Lissafin gaskiya ya haɗa da sau nawa za a yi tafiyar, wa zai duba ka in zazzaɓi ya taso bayan ka dawo Gidar ko Mora, da kuma mako nawa ƙodar za ta ƙara yi a toshe kafin kuɗin su haɗu.

Duk hanyar da aka bi, in an samu tsakuwar ko ɓarinta a hannu, kada a jefar, a nemi a auna irinta. Ta yurik asid ana iya hana ta dawowa, har a narkar da ita, da maganin da ke rage tsamin fitsari. Mai zuwa da ƙwayoyin cuta kuwa in aka bar ko ɗan guntu sai ta sake girma. Kusan rabin waɗanda suka yi tsakuwa sau ɗaya kan sake yi cikin shekara 10, kuma abin da aka tabbatar yana rage hakan shi ne shan ruwan da zai sa mutum ya yi fitsari lita 2 da rabi a yini, da rage gishiri da dunƙulen miya. Bayan wasu makonni kuma a sake ekografi, domin wurin da tsakuwa ta daɗe yakan warke da tabo ya tsuke ba tare da wani ciwo ba.

Saura robar nan, wadda a asibitocinmu ake kira sondi JJ saboda lanƙwasar da ke kowane bakinta, ɗaya a ƙoda ɗaya a mafitsara. Finney ne ya fito da wannan siffar a 1978, kuma yau kusan duk aikin da na ambata yana iya ƙarewa da ita. Tana damun mutane: yawan fitsari, zafi a ƙarshensa, ɗan jini in an yi aikin ƙarfi ko an hau babur a hanya mai gargada, da sukar kwiɓi lokacin fitsari. Waɗannan ba alamar aiki ya ɓaci ba ne. Haɗarinta yana wurin wanda ba ta dame shi ba, don daga waje ba a ganin komai. An sallame shi yana cikin magagin allura, an yi bayanin da Faransanci ga ɗan rakiyar da ya koma garinsu, takardar ta shiga ƙasan akwati. Robar da aka sa don mako biyu zuwa shida sai ta shekara biyu a ciki, tsakuwa ta kama ta sama da ƙasa, ta ƙi zaruwa, wani lokaci ta karye, a koma ana aiki biyu ko uku don fitar da abin da a kan lokacinsa minti kaɗan ne da kyamarar mafitsara. Kafin a bar asibiti, mai jinya da wanda zai zauna da shi a gida su tambaya da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin da suke ji: an bar roba a ciki ko ba a bari ba, a wane ɓangare, wace rana za a cire, kuma akwai inda za a iya cire ta kusa da gida ko dole sai an dawo nan.